Gwanin da Ke Bin Sawun Takarda

Duk wanda ya ce zamanin takarda ya wuce, to ya je ya tsaya a ƙofar wani shagon kwamfuta a garin Gaya a makon da za a rufe rajistar JAMB. Tun da hukumar ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, maimakon buƙatar takarda ta ragu, ƙaruwa ta yi: ta rajista daban, mai nuna rana da cibiyar da za a zauna daban, ta sakamako daban, ta samun gurbi daban, kuma kowacce sai an buga an riƙe a hannu kafin hankalin uba ya kwanta. A Disambar 2020 da aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, har dattawan ƙauyukan Ajingi da ba ruwansu da kwamfuta sun san darajar 'yar takardar nan. Ga shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ga tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango, ga sakamakon gwajin asibiti, ga katin ɗaurin aure. Duk ta bakin firinta suke fitowa.

Firinta mai ƙarko kuwa tana da tsada, don haka ba kowane teburi ke da tasa ba. Abin da aka saba shi ne a sayi guda ɗaya, sau da yawa babbar na'urar fotokofi ta hannu, kwamfutoci huɗu ko goma su yi tarayya a kanta. Dole ke nan a sami wadda za ta tsaya tsakani, ta karɓi aikin kowa, ta jera, ta riƙa miƙa wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Ita ce uwar garken buga takardu, wadda masu sana'ar ke ce wa saba. A hedikwatar banki ko babbar jami'a na'ura ce ta musamman a ɗaki mai sanyi. A irin garuruwanmu yawanci tsohuwar kwamfutar teburi ce a kusurwa, ƙila ma a kanta sakatare ke buga wasiƙu. Amma aikin ɗaya ne, cututtukan ma iri ɗaya.

Cutar da ta fi gallabar mutane kuma ita ce nauyi. In firinta ta mutu murus kowa ya sani, sai a nemi wata mafita. Amma a ce ka tura shafi biyu, minti biyar shiru, wani lokaci kuma ya fito nan take, jiya lafiya yau ba lafiya, wannan shi ke cinye yini. Janareta na ta ƙugi yana shan man da tun cire tallafi a Mayun 2023 ba mai wasa da shi, wanda ya biya kuɗin mashin daga ƙauye yana ta duban rana. Mutumin da ke iya gano inda nauyin nan ya ɓuya, wanda ake kira Injiniya ko yana da takardar shaida ko ba shi da ita, yana cikin gwanayen da nake ganin ba mu ba su haƙƙinsu na yabo ba.

Ba sabon al'amari ba ne haɗin firinta da waya. A cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Gary Starkweather ya kammala firintar leza mai aiki a 1971, mai fitar da kusan shafi ɗaya a kowace daƙiƙa. Sai aka rasa yadda za a riƙa kai mata aiki daga kwamfutoci da yawa da saurin da take buƙata. Yana daga cikin dalilan da suka sa Robert Metcalfe ya rubuta tsarin Ethernet a 1973, wato kakan wayar nan mai kan roba da ake soka wa a bayan kwamfuta har gobe. Ashe tun fil azal matsalar yadda jama'a za su yi tarayya a kan firinta ɗaya ba tare da sun jira sun gaji ba tana cikin abin da ya haifi netwok ɗin kansa.

Ilimin gwanin yana farawa ne daga sanin hanyar da takarda ke bi. Mai aiki ya danna maɓalli, shi a ganinsa ya gama. A gaskiya yanzu aka fara. Wata manhaja da ake kira direba za ta juya rubutun da hotunan zuwa harshen da firintar ke ji, galibi PCL na kamfanin HP ko PostScript na Adobe, duka biyun 'yan 1984. Daga nan aikin ya bi waya ko iska, ya ratsa suwic, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutocin, ya isa uwar garke. Ita kuma ta rubuta shi a faifanta, ta sa shi a layi. In lokacinsa ya yi ta sake tura shi ta waya zuwa firinta, firinta ta karanta, ta zana shafin a ƙwaƙwalwarta, sannan ta ja takarda, ta shafa mata garin tona, ta gasa shi da zafi ya kama. Zango biyar ko shida ke nan, kuma a kowanne ana iya maƙalewa. Wanda ya taɓa kai niƙa ya san yadda abin yake: kwanuka a jere a gaban inji, mai inji na ɗauka bi da bi. In layi ya ƙi tafiya, ko injin ne ba ƙarfi, ko wata ta kawo buhu guda alhali sauran kwano-kwano suka kawo, ko kuwa tsakuwa ce a cikin kwano ɗaya ta tsayar da kowa. Mai wucewa layi kawai yake gani. Mai inji ne ya san wanne ne a ciki.

Abin da ya fara burge ni game da gwanin shi ne bai fara da sukurdireba ba. Zai yi sallama, a gaisa, ya tambayi aiki da iyali, sannan ya ja kujera ya soma tambaya. "Hajiya, yaushe rabon da ta yi aiki lafiya?" "Yallaɓai, kowa ne ke fama, ko teburinka ne kaɗai?" "Kowace takarda ce ke nauyi, ko sai mai hoto?" "Da safe ne, ko sai rana ta take?" Amsar da aka fi ba shi a ko'ina ita ce, "Wallahi Injiniya ba mu taɓa komai ba." Ba ya musu, don ya san gaskiya suka faɗa iya saninsu. Sai ya sauya salon tambayar: an ɗauke wuta da safe? An sake tona a makon nan? Wani ya zo da laftof ya jona? Kwamfutar ta daɗe jiya kafin ta mutu, tana cewa kada a kashe ta? Kowace amsa tana rufe ƙofa ɗaya. In teburi ɗaya ne ke fama, to ba ruwan firinta, ba ruwan uwar garke. In kowa ne amma sai a kan takarda mai hoto, girman aiki ne ko direba. In sai an tashi janareta, maganar wuta ce. Kafin ya miƙe daga kujerar nan ya rage abin zargi daga goma zuwa biyu ko uku, bai kwance ko da ƙusa ɗaya ba.

Daga nan sai raba hanya biyu, dabarar da a wurina ita ce zuciyar sana'ar. Zai je gaban firintar ya danna maɓallanta ta fitar da shafin bayanin kanta, wanda ba ya buƙatar kwamfuta ko waya. In ya fito da sauri tsaf, injin lafiyarsa ƙalau, kuma ga shi shafin ya gaya masa adireshin IP ɗin da firintar ke amsawa da shi da yawan shafukan da ta buga tun da aka ƙera ta. In shi ma ya yi nauyi, ya san cutar a jikin ƙarfen take. Sai ya koma kan uwar garke ya aika umarnin ping zuwa wancan adireshi, wato ya ƙwanƙwasa ya ji ko za a amsa, da kuma tsawon lokacin da amsar ke ɗauka. A waya mai lafiya cikin gini ɗaya, amsar ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa. Ba ya gamsuwa da ƙwanƙwasa huɗu. Yakan bar shi ya yi ta bugawa na wasu mintuna yana kallo, don wayar da ɓera ya ɗan ciza ko kanta ya yi sako-sako takan amsa sau tara ta yi shiru a na goma. Bayan haka ya buga shafin gwaji daga uwar garken kanta, sannan daga teburin mai ƙorafi. Inda saurin ya yanke, nan zai tsuguna.

Sau da yawa a layi yake tsugunawa. A Windows akwai wata hidima mai suna Print Spooler, ita ke riƙe da layin, tana ajiye kowane aiki a wata ma'ajiya a cikin faifai kafin ta tura. Aiki ɗaya da ya lalace a hanya, watakila don wuta ta ɗauke yana tsakiyar tafiya, yana iya tsayawa a gaba ya ƙi fita ya ƙi gogewa. Mutane kuma da suka ga shiru sai su sake dannawa, su sake, har takarda ɗaya ta zama goma sha biyu a layi. Maganin sananne ne: a tsayar da hidimar, a share abin da ke cikin ma'ajiyar, a tashe ta. Yaron da ya yi wata uku a shago ya iya wannan. Bambancin gwani shi ne kafin ya share zai duba wane aiki ne ya toshe, daga wace kwamfuta ya fito, nawa ne girmansa, da wace manhaja aka turo shi. Shara tana kawar da shaida, kuma in ba a san wanda ya toshe yau ba, gobe da hantsi za a sake kiransa kan abu ɗaya. Zai kuma leƙa ya ga ko faifan ya cika maƙil da finafinai da hotunan biki har layin ya rasa wurin zama, ko manhajar kashe bairos ce ke tare kowane aiki tana bincike kafin ta sake shi. In yana son ganin abin da ke faruwa bayan ya tafi, sai ya kunna kundin da Windows ke rubuta tarihin kowane bugu a ciki, wanda a kashe yake zuwa sai an kunna shi da hannu.

Maganar girman aiki ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin nan ne lissafi ke shigowa, kuma nan ne na fi ganin hankalin waɗannan mutane. Shafin A4 guda, in aka yi masa sikanin mai launi da ɗigo 300 a kowane inci, yana da ɗigo kusan miliyan 8.7, kowane ɗigo na cin bayit uku, jimla wajen megabayit 26 in ba a matse ba. In aka ɗaga zuwa ɗigo 600, ninki huɗu zai yi, ya haura megabayit 100. Shafi ɗaya fa. A cikin filash ko WhatsApp fayil ɗin a matse yake, ana ganinsa ɗan ƙarami, amma da direba ya warware shi don firinta sai ya kumbura. Waya mai gudun megabit 100 a daƙiƙa ba ta iya kai fiye da megabayit 12 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, ko da komai na tafiya daidai. In kuwa wata matsala ta sa gudun ya faɗo zuwa megabit 10, shafin nan guda mai ɗigo 600 zai haura minti ɗaya yana hanya. To ka ƙaddara ɗalibi ya kawo takardun shaidarsa shafi ashirin da ya ɗauka da kyamarar waya. Gwanin ba ya cewa a sayi sabuwar firinta. Yakan rage yawan ɗigon zuwa abin da ido ke buƙata, ya mayar da bugu na yau da kullum baƙi da fari, ya duba wa ya kamata ya ɗauki nauyin juya shafin, kwamfutar mai turawa ko uwar garke, ya ɗora wa wadda ta fi ƙarfi. Wani lokaci ya buɗe layi biyu a kan firinta ɗaya, ɗaya na ƙananan ayyuka masu fifiko, ɗaya na manya, don kada mai shafi ɗaya ya tsufa a bayan mai ɗari uku. Windows ta ba da damar fifiko daga 1 zuwa 99, amma kaɗan ne suka san da ita.

Direba kuwa shi ne babban abin zargi a ko'ina a duniya. Direba ɗaya marar kyau yana iya kayar da layin duka firintocin da ke kan uwar garke, shi ya sa tun daga Windows 7 aka samar da hanyar keɓe kowanne shi kaɗai, in ya faɗi ya faɗi shi ɗaya. A wurinmu akwai ƙarin wahala: a ofis ɗaya za ka tarar da kwamfuta mai Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, kusa da sabuwa mai Windows 11, wata mai bit 32 wata mai 64, kuma duk firinta ɗaya suke so. Masu sana'ar ba za su manta da 2021 ba. A tsakiyar shekarar aka bankaɗo wata ɓaraka a hidimar layin bugu ta Windows, wadda aka laƙaba wa PrintNightmare, da ke iya bai wa ɓarawon intanet damar mallake kwamfuta. Microsoft ta fitar da gyare-gyare, kuma bayan sabuntawar Satumba ofisoshi da yawa a faɗin duniya suka wayi gari kwamfutocinsu sun ƙi haɗuwa da firintar tarayya, suna nuna lambar kuskure 0x0000011b. Hanya mai sauƙi ita ce a kashe sabon tsaron, bugu ya dawo, a karɓi kuɗi a tafi. Hanya mai wuya ita ce a bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya a daidaita su, ko a haɗa kowacce kai tsaye da adireshin firintar. Ina girmama wanda ya zaɓi ta biyu, musamman a wurin da ake riƙe da bayanan marasa lafiya ko na albashin ma'aikata, don ya kare mutanen da ba su ma san an kare su ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da sai wanda ya daɗe a cikin aikin ke tunawa da su. Rauta ce ke raba wa na'urori adireshi. In wuta ta ɗauke ta dawo, tana iya bai wa firinta sabon adireshi, alhali uwar garke na can tana aika aiki zuwa tsohon. A garin da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta da sola a yini ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya haukata ofis. Gwanin yakan kafe wa firintar adireshi na dindindin, ya rubuta shi a takarda ya manna a jikinta. Wani lokaci Windows ce ke tambayar firinta lafiyarta ta wata hanya da ake kira SNMP, in ba ta sami amsa ba sai ta ce firintar ba ta nan, alhali ga ta a kunne. Wani lokaci kuma kwamfutar da aka shigo da ita daga Amurka ce ke neman takarda mai girman Letter, milimita 216 da 279, mu kuwa A4 muke da ita, 210 da 297. Firintar sai ta tsaya tana jiran a sa mata takardar da babu ita a kasuwa, kowa na zaton ta lalace. Wanda na fi so a cikinsu shi ne na katin biki. An buga katin ɗaurin aure ranar Alhamis, aka saita firintar kan takarda mai kauri, ita kuma a wannan saitin rage gudu take yi don tona ta gasu sosai. Aka manta ba a mayar ba. Sati guda ana kuka da nauyi, maganin kuwa danna maɓalli biyu ne, ga wanda ya san ya tambaya ko an buga kati kwanan nan.

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da wuta da ƙura ba, amma a gabashin Kano rabin aikin ke nan. Sashen da ke gasa tona, wato fiyuza, yana kaiwa zafin da ya kusa digiri 200, kuma a lokacin da yake ɗaukar zafi yana fizgar wuta da ƙarfi. A kan ƙaramin janareta, fizgar nan na iya sa wuta ta yi ƙasa na ɗan lokaci, suwic ko rauta ta mutu ta tashi, aikin da ke hanya ya yanke ya koma farko. Mai kallo zai rantse netwok ne, alhali soket ne. Shi ya sa gwanin ke raba su: suwic da rauta da uwar garke a kan UPS, firintar leza kuwa a kan layinta da sitabilaiza, ba a kan batirin UPS ba, kamar yadda masu ƙera UPS ɗin kansu ke gargaɗi. Yana duba bayan na'urar ta hannu ya tabbatar ba ta bolt 110 ba ce kafin a soka ta a wutarmu ta 230. Da hunturu ƙura na sa robar da ke jan takarda ta yi santsi, bushewar iska ta sa takardu su manne wa juna. Da damina takarda ta sha danshi ta lanƙwashe. Wayar netwok ma tana da iyaka, mita 100, kuma gudun gigabit na buƙatar duka sili takwas da ke cikinta; ɗaya ya tsinke, sai gudun ya faɗo ba tare da wani ya sani ba. Yakan kalli 'yan fitilun da ke jikin suwic ya karanta wannan kafin ya buɗe kwamfuta.

Duk wannan ilimi ana iya haddace shi. Abin da ba a haddacewa shi ne ladabin aikin, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Gwanin na gaske abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, ya gwada, ya duba agogo, sannan ya matsa gaba. Takarda ɗaya yake amfani da ita a duk gwajin, don ya san bambancin daga gyaransa ya zo ba daga takardar ba. In abin da ya canza bai yi amfani ba, yana mayar da shi yadda ya same shi. Ana tsaye a kansa, shugaban ofis na duba agogo, layi ya kai waje, amma ba ya bari gaggawar mutane ta sa ya canza abu biyar a tare, domin ko da ya dace ta gyaru, ba zai san wanne ne ya gyara ba, kuma bai ƙaru da komai ba. Sannan ga amana. Mai shago bai san bambancin diram da fiyuza ba; da za a ce masa allon ciki ya ƙone sai an je Kano, zai ƙirga kuɗi ya bayar. Daga Gaya kuwa zuwa Kano sai an bi ta Wudil an haye gada, a kutsa cunkoson birni har titin Beirut, yini ya tafi, shago a rufe ko rabin aiki. Mutumin da ya san wannan, ya kuma ce, "Alhaji, ba abin da ya lalace, saiti ne, na gyara," ya bar kuɗin da ba wanda zai taɓa sanin ya bari. Wannan hali ya fi ƙwarewar tsada.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan hannu a ƙasar Gaya. Tarihin baka na Kano ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka je dutsen Dala neman tama, har ana danganta sunan birnin da ɗaya daga cikinsu. Ƙasa ce da ta daɗe da sanin cewa sana'ar hannu aikin hankali ce. Yau ma hanyar koyon ba ta sauya sosai ba: yaro ya zauna a gaban maigidansa, ya fara da ɗura tona da goge ƙura da matse kan waya, ya yi shekaru yana kallo kafin a bar shi ya fita kira shi kaɗai. Wasu kuma sun bi ta aji, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil nan kusa, wadda ta fara aiki a 2001 aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Na aji ya san dalilin abu, na shago ya san kamanninsa da ƙararsa da warinsa. Wanda ya haɗa biyun shi ne wanda lambarsa ke yawo daga hannu zuwa hannu tsakanin Gaya da Ajingi da Albasu.

Sana'ar tana sauya fuska. Yawancin takardun da ake bugawa a shaguna yanzu daga waya suke zuwa. Sababbin firintoci na magana da waya da kwamfuta kai tsaye ta tsarin IPP ba tare da direba na musamman ba, kuma a Satumbar 2023 Microsoft ta sanar cewa a hankali za ta daina rarraba sababbin direbobin kamfanoni ta hanyar sabuntawar Windows. Wasu tsofaffin ciwon kai za su tafi. Amma na'urorin da ke ofisoshinmu za su daɗe tare da mu, wuta da ƙura ma suna nan, kuma duk yadda tsari ya sauya sai an sami wanda zai bi takarda zango-zango ya gano inda ta tsaya.

Don haka ina kira ga shugabannin makarantu da na ofisoshi da masu shaguna a Gaya da Ajingi. A ajiye ɗan littafi kusa da firinta, a riƙa rubuta ranar da aka sake tona, ranar da aka sabunta kwamfuta, da abin da mai gyara ya canza, don ya rage masa rabin tambayoyinsa. In yana aiki a ba shi lokaci, a daina tsaya masa a ka. Wanda ke da yaro mai natsuwa ya kai masa shi ya koya. In kuma ya gama ya ce babu abin da za a saya, a biya shi cikakken kuɗin aikinsa.